Ina son ajiye aiki, amma na rasa ta inda zan fara

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawararku.

Shekara 4 ke nan ina aikin akanta a wani kamfani, albashin kuwa ban taɓa samun irinsa ba. Da shi nake riƙe da iyalina da mahaifiyata. Watanni uku da suka wuce na gano ana sake wa kayan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa takardar kwanan wata, a tura su kasuwa. Da idona na ga takardu biyu na kaya ɗaya, kwanakinsu daban. Na sami shugabana a keɓe, ya ce in tsaya kan lissafina, wannan ba hurumina ba ne. Amma ni nake sa hannu a takardun nan, kuma tun ranar barci ya ƙaurace mini.

In ajiye yanzu ne, ko in daure sai na samu wani aikin? In na tafi shiru, hakkin masu sayen kayan fa? Kai ƙara ga hukuma kuma ina tsoron a juyo da laifin kaina. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, me ya fara yi?