Mai aikin kansa: ina za a ajiye kuɗin gobe?

Mai zane: Salamu alaikum 'yan zaure. Mu masu karɓar aiki ta intanet, wani watan kuɗi ya shigo sosai, wata biyu su wuce ba ko sisi, ga ba fansho. Ta ina ake farawa?

Akanta: Wa alaikumus salam. Ƙanina, fara da yanka wa kanka albashi. Duba abin da ya shigo a wata goma sha biyu, ka ware watanni uku mafi ƙaranci, ka haɗa ka raba uku. Abin da ya fito shi ne albashinka. Kuɗin aiki duk su sauka a asusu guda, kowane farkon wata ka tura albashin nan asusun cefane. Rarar ta zauna har ta kai hidimar gida ta wata shida. Watan da aiki ya yi albarka shi ke kayar da mutane: a ƙara hidima, a ɗauki nauyin da watan gaba ba zai iya ba.

Mai fassara: Kuma a yi lissafi da abin da ya iso hannu. Fiverr, shafin da ake karɓar aiki a kai, na cire kashi 20 cikin ɗari, ga kuɗin cirewa na Payoneer, kamfanin da ke turo kuɗin. Rarar kuma, in a dala ta zo, kada a canza ta duka zuwa naira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Buɗe asusun dala a banki, ka riƙa canza na wata ɗaya kawai.

Hajiya mai shafukan intanet: Batun fansho, akwai shi. Tun 2019 hukumar fansho ta Najeriya, PenCom, ta buɗe wa masu sana'ar kansu ƙofa: ka je kamfanin fansho da NIN da BVN, ka riƙa zubawa gwargwadon hali, wani kaso za ka iya cira in bukata ta taso, sauran sai ka yi ritaya. Mai gudun riba ya nemi tsarin da ba ruwa a ciki.

Mai zane: Hajiya, Sukuk fa?

Hajiya mai shafukan intanet: Takardar zuba jari ce da ba ruwa a ciki, ofishin kula da basussukan gwamnatin tarayya (DMO) ke fitar da shi, na farko a 2017. Ana shiga da naira 10,000, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara. Amma shekara bakwai zuwa goma yake yi, sayar da shi kafin wa'adi kan zo da asara. Kuɗin ko-ta-kwana ba su shiga nan.

Akanta: Sabuwar dokar haraji ta fara aiki Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu. Ajiye rasitin data, fetur da gyaran kwamfuta, su ne hujjarka wajen cire kuɗin gudanar da aiki. Zakka daban take, kashi biyu da rabi in nisabi ya cika shekara.

Mai fassara: Malam, a ƙara da wannan: kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da rabin aikinka, don ranar da ya tsaya, ka tsaya. Karɓi rabin kuɗi kafin ka fara, a rubuta sau nawa za a yi gyara. Duk wanda ya yi maka alkawarin ninka kuɗi a wata, nemi sunansa a rajistar SEC, hukumar kula da harkar zuba jari, tukuna. CBEX, mai irin wannan alkawari, ta rushe da kuɗin mutane a Afrilun 2025.