Wane ne Caradog ɗin nan na mutanen Wales?

Direba, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni direba ne a wani kamfani nan Jidda, kullum da safe nake ɗauko wani dattijon injiniya ɗan Wales. Da ya shiga mota sai ya kunna waƙar wasu maza masu yawa, ba ganga ba garaya, murya zalla. Jiya muna kan titin Madina na hango shi ta madubi yana share ƙwalla. Ya ce kakansa mahaƙin kwal ne, kuma yana cikin irin waɗannan mawaƙa, har ya ambaci wani Caradog. Na ji nauyin tambayarsa a lokacin. Don Allah wa ya san mutumin nan?

Malamin makaranta, Makka:
Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Caradog laƙabi ne, sunansa Griffith Rhys Jones. An haife shi a 1834 kusa da garin Aberdare, ya rasu a 1897. Maƙeri ne fa, ba ɗan sarauta ba, yana kuma goga goge irin na Turawa. Shi ya jagoranci mawaƙa sama da 400 daga kudancin Wales, akasarinsu 'yan ƙwadago, zuwa gasar waƙa a Crystal Palace, wani katafaren zauren gilashi a Landan. A 1872 suka ɗauki kofi ba abokin karawa, a 1873 suka koma suka doke wata ƙungiyar Landan. Ka duba, a zamanin da ake yi wa harshensu kallon na ƙauyawa! Har yau gunkinsa na tsaye a Aberdare riƙe da 'yar sandarsa.

Hajiya, Madina:
Malam, kenan kamar makaɗi da 'yan amshinsa?

Malamin makaranta, Makka:
A'a Hajiya, da bambanci. Namu makaɗin ne ke kai baiti, yara su amsa. Shi wannan bakinsa a rufe yake, ya juya wa 'yan kallo baya, da hannu kawai yake magana. Mawaƙan sun kasu huɗu, daga masu siririyar murya zuwa masu kauri, kowane kashi da layinsa, kuma duk a lokaci ɗaya suke rerawa.

Direba, Jidda:
Allah ya saka da alheri, Malam. Ashe shi ya sa nake jin kamar muryoyin na hawa kan juna. Gobe in sha Allahu zan tambaye shi a wane kashi kakan nasa yake tsayawa.