Bayanan gwamnati na kowa ne, tambarin soja kuwa da sharaɗi

Abin da muka tattara kan amfani da bayanan gwamnatin Amurka shi ne, rubutu ko hoton da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya yi a bakin aiki ba shi da haƙƙin mallaka, kana iya kwafa ka yaɗa. In takardar gwamnati kake nema akwai dokar 'yancin samun bayanai (FOIA) ta 1966, ka rubuta takamaimai abin da kake so, kwanaki 20 na aiki doka ta ba hukumomin gwamnati su amsa, amma fa sirrin tsaro ba za ka samu ba. Tambarin sojoji kuwa daban ne wallahi, kar ka ɗauki tambarin mikiya na Marines (wani reshe na sojojin Amurka) ka buga a riga ko hula ka sayar ba tare da izini ba, ni wannan ya fi damuna don masu buga riguna da yawa ba su ma san da haka ba.