Neman shawara: 'yata ta samu B ɗaya a aji 11, shin manyan jami'o'in Amurka sun kuɓuce mata?

Maman Yusra, Houston:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan karatun ƙasar nan. 'Yata tana aji 11, wato ajin kusa da na ƙarshe a sakandare. Tun shigarta sakandare A take kawowa a kowane darasi, sai wannan zangon ta samu 84, wato B, a Kemistiri na AP, irin darasin nan mai wuya na matakin jami'a da ake ɗauka tun a sakandare. Tun ranar da sakamakon ya fito ba ta cin abincin kirki, tana ta cewa Jami'ar Rice da UT Austin (Jami'ar Texas da ke Austin) sun wuce ta, balle Harvard da take buri. Likita take son zama. Yanzu ta ce za ta ajiye darasin a zango na biyu, ta ɗauki wani mai sauƙi wanda ta tabbata za ta ci A. Babanta kuma ya ce mu je mu roƙi malamin ko zai ƙara mata. Ni a gida na yi karatu, abin da na sani darasi ɗaya yana zaunar da yaro shekara guda. Haka abin yake a nan?

Baban Khalil, malamin sakandare a Maryland:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar mata da nata. Mu fara da lissafi. A ce darasi 6 take ɗauka kowane zango, daga aji 9 zuwa ƙarshen aji 11 zango 6 ke nan, sakamako 36. A tana da 4, B tana da 3. B ɗaya a cikin 36 zai sauko da GPA ɗinta, wato matsakaicin makinta, daga 4.0 zuwa 3.97. Iyakar ɓarnar ke nan.

Jami'o'in da ake rububi kuma ba su da wani layi da suke ja su ce wanda ya gaza 4.0 ya koma gida. A 2022 sama da mutum 61,000 suka nemi Harvard, waɗanda aka ɗauka ba su kai 2,000 ba. Masu A zalla da aka bari sun fi ƙarfin ƙirga, don kujerun ba za su ishe su ba. Makin yana nuna musu yaro zai iya karatun ne, daga nan sai su koma kan rubutun da ya yi game da kansa, da wasiƙun malamai, da abin da yake yi bayan an tashi daga makaranta. Idan an ɗauke ta ko an bar ta, da wuya a ce 84 ɗin nan ne ya yanke hukunci.

Abin da ya fi damuna a maganarki shi ne ajiye darasin. Don Allah kada ta yi. Mai karanta takardarta yana ganin darussan da ta ɗauka zango bayan zango, kuma makarantarta tana aika bayanin darussa masu wuya da take koyarwa. Zai ga yarinyar da ke son likitanci ta shiga Kemistiri mai wuya, ta ji zafi, ta gudu. Wannan ya fi B muni nesa ba kusa ba. Ki nemi Common Data Set, wato takardar alƙaluman ɗaukar ɗalibai, na kowace jami'a a intanet, ki duba sashen C7, za ki ga a manyan jami'o'i wahalar darussan da yaro ya ɗauka tana sahun gaba tare da makin kansa.

Maganar roƙon malami kuwa, ki ba Alhaji haƙuri. In akwai kuskure a lissafin maki, haƙƙinta ne a gyara. In babu, roƙon ba zai canza komai ba sai ɓata tsakaninta da mutumin da wataƙila shi za ta nema ya rubuta mata wasiƙa baɗi. Mu malamai, ɗalibin da ya yi tuntuɓe ya dawo yana tambaya har ya miƙe, shi muke iya yi wa wasiƙa mai ratsa zuciya.

Maman Sadiq, Dallas:
Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne a kan su Harvard da Rice, amma a Texas suke, kuma nan akwai inda maki ɗaya yake iya tasiri. Tun 1997 dokar jiha ta ba ɗaliban da ke cikin kashi 10 na saman ajinsu gurbi kai-tsaye a jami'o'in gwamnati. UT Austin ta matse nata zuwa kashi 6, daga masu shiga a 2026 kuma kashi 5. A ajin mutum 600, talatin na farko ke nan. Idan yarinyar tana bakin layin, B ɗaya zai iya tura ta baya. 'Yar'uwa, ki sa ta je wurin mai ba ɗalibai shawara ta tambayi lambarta a aji, wato ta nawa ce. Amma ko ta nan ɗin ajiye darasin ba dabara ba ce, don yawancin makarantu suna ƙara wa AP nauyi wajen jera ɗalibai. Kuma wanda bai shiga kai-tsaye ba ana duba takardarsa gaba ɗaya, wanda ya shiga ma ba lallai a ba shi fannin da ya zaɓa ba.

Baban Khalil:
Na gode Hajiya, wannan ƙarin yana da muhimmanci ƙwarai. Lallai ta tambayi lambar tata tun yanzu, kafin a rufe aji 11.

Kawun yara, Zariya:
Tsoronki yana da tushe, Hajiya. A nan gida yaro ya ci A1 takwas a WAEC, in ya samu D7 a Lissafi ko Turanci ba shi da kiredit, sai ya sake zama komai makinsa na JAMB. Amma ko a ma'auninmu B3 ai kiredit ne mai kyau. Allah Ya yi mata albarka, Ya ba ta abin da ya fi alheri.

Maman Amira, likita a Ohio:
Yaya, a Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare, in ban da wasu 'yan shirye-shirye masu haɗa digiri biyu. Sai ta yi digirin farko shekara 4, ta rubuta MCAT, jarrabawar shiga likitanci, sannan ta nemi makarantar likitanci, kuma su makin jami'a suke lissafawa, B ɗin aji 11 ba ya cikin lissafin. Abin da zai bi ta shi ne Kemistirin kansa, don za ta sake gamuwa da shi a jami'a da kuma MCAT. Gara ta sha wahalarsa yanzu tana gida kusa da ke.

Ni rashin cin abincin ne ya tsaya mini a rai. Yaran da ba su taɓa ganin B ba sukan ɗauka darajarsu a wurin iyaye tana rataye da A. Ke da babanta ku zaunar da ita ku faɗa mata da bakinku cewa ba ku ji kunyarta ba. Idan barci da abinci ba su dawo ba nan da 'yan kwanaki, ki kai ta wurin likitanta.

'Yar Mama, ɗalibar jami'a:
Anti, ni ma da B a takardata na shiga. Jarrabawar AP tana nan a watan Mayu, makinta daga 1 zuwa 5. In ta ci 4 ko 5 ta nuna ta iya darasin. Ta riƙa zuwa wurin malamin lokacin da ya ware don tambayoyi, ta kuma shirya wa SAT, jarrabawar neman shiga jami'a, don jami'ar MIT ta dawo da sharaɗinta tun 2022, Harvard da UT Austin ma sun sanar da dawo da shi a 2024. Kuma kada ta cika wurin ƙarin bayani na Common App, fom ɗin neman jami'o'i, da ba da haƙuri a kan B ɗaya. An tanadi wurin ne don irin rashin lafiya ko rasuwa a gida.

Maman Yusra:
Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa babanta, ya janye maganar roƙon. Mun zauna da ita daren jiya, ta yarda ta ci gaba da darasin. Ranar Litinin za ta tambayo lambarta a aji. Malam, idan ta sake samun B a zango na biyu fa?

Baban Khalil:
GPA ɗin zai koma 3.94, kuma har yanzu takarda ce mai ƙarfi. Abin da ake kallo da ido biyu shi ne C ko D, ko maki ya riƙa zamewa a darussa da yawa lokaci guda. Ki sa ta jera jami'o'i kala uku tun bana: waɗanda ake rububi, waɗanda makinta ya yi daidai da nasu, da aƙalla biyu da kuka tabbata za su ɗauke ta kuma za ku iya biyan kuɗinsu.