Wane suna za mu ba "broad-spectrum antibiotic" da Hausa?

Jama'a, ina neman taimakon masu Hausa. Ni mai harhaɗa magunguna ce a nan Jos, kuma ranar Asabar zan shiga wani shirin rediyo in yi bayani kan maganin Sifro (sifurofuloksasin) da danginsa, irin su ofuloksasin da lebofuloksasin, waɗanda a asibiti muke kira fulorokwinolon. Bayanin yana kaina, sunan ne ya gagare ni. Bature yana ce wa irinsu "broad-spectrum antibiotic". Mu fa?

Mu fara da rabin farko, wato "antibiotic". Abin da muka saba ji a labarai shi ne "maganin kashe ƙwayoyin cuta". Ni dai na daina faɗinsa a shago. Ƙwayar cuta a bakin Bahaushe ta haɗa komai: bakteriya, bairas mai kawo mura, har da ta zazzaɓin cizon sauro. Shi kuwa Sifro da bakteriya yake faɗa. Yana toshe wasu sinadarai biyu da take buƙata kafin ta hayayyafa, sai ta mutu. Bairas ɗin mura ba shi da su, don haka ko a jikinsa. Amma da zarar an ce "kashe ƙwayoyin cuta", mai mura ya ɗauka da shi ake.

Da na fara tambayar mutane, wani ya rubuto mini "rigakafi". A'a, Malam, rigakafi kafin ciwo ne. Wata ta ce "kafso", kamar yadda iyayenmu a unguwar Gangare ke cewa a ba su ja da yalo. Hajiya, kafso siffa ce kawai, Sifro ma ƙwaya ne. Ni a ganina mu ce "maganin bakteriya" mu huta. Harshen da ya ari likita da asibiti ba zai ji kunyar aron bakteriya ba.

Rabin na biyu, wato "broad-spectrum", shi ne mai wuya. An ba ni "gama-gari", an ba ni "mai faɗin aiki", an ba ni "mai maganin cututtuka da yawa". Duk fassarar ta yi daidai, kuma duk suna ba ni tsoro, saboda sun yi kama da tallar masu lasifika a kasuwar Taminus. Wa zai ji ana cewa magani gama-gari ne bai saya ya ajiye a gida ba?

Makon jiya wani dattijo ya shigo neman Sifro, wai jikinsa ke ciwo, an ce masa shi ne babban magani. Da na tambaya, ya haura shekara 60, kuma yana shan furedinisolon, wani maganin rage kumburi, saboda gwiwa. Na ce, "Baba, don Allah a yi haƙuri, wannan sai likita ya gan ku." Bai ji daɗi ba, amma ba zan iya ba shi ba. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan wannan dangi, cewa yana iya kumbura jijiyar agara har ta tsinke, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura 60 ko yake shan irin maganin da Baba ke sha. A 2016 ta ƙara da cewa kada a ba da shi a ƙananan ciwuka, kamar sauƙaƙan ciwon mafitsara, matuƙar akwai wani maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da ta kasa magungunan "antibiotic" gida uku a 2017, a rukunin da ake sa wa ido ta ajiye Sifro.

Ba kushe shi nake yi ba. Na ga mai taifot na gaske, wanda gwaji ya tabbatar, ya miƙe da shi. Kawai dai sunan da za mu ba shi ya kamata ya ɗauki amfanin da haɗarin tare.

Shi ya sa shawarar wata ma'aikaciyar jinya daga unguwar Rikkos ta kwanta mini: "mai kuɗin goro". Anti, Allah ya ƙara basira. Kowa ya san in an yi wa mutane kuɗin goro, an haɗa mai laifi da marar laifi. Haka maganin yake yi: yana kashe bakteriya iri-iri, har da masu amfani da ke zaune a hanjinmu, shi ya sa wasu ke yin gudawa bayan sun sha. Wanda ya ji sunan zai gane ƙarfinsa, kuma zai yi taka-tsantsan.

Wani malamin Hausa ya ce kalmar ta kasuwa ce, ba za ta shiga littafi ba. Ranka ya daɗe, na karɓi gyara ta fuskar littafi, a can sai a rubuta "mai faɗin aiki". Amma masu saurarena a kasuwa suke.

Don haka ranar Asabar zan ce: Sifro maganin bakteriya ne mai kuɗin goro. Ba a shan sa sai likita ya rubuta, ba a haɗa shi da madara ko maganin ƙwannafi ko ƙwayar ƙarin jini a lokaci guda don suna hana jiki ɗaukarsa, kuma duk wanda ya ji agararsa na ciwo ya dakata ya koma asibiti a ranar.

Saura kalma ɗaya: yadda bakteriya ke daina jin magani. Ina tsakanin "bijirewa" da "turjiya". Wanne ya fi shiga kunne?