Ku da ƙungiyarku ta sa kai take tafiya, ya kuke yi?

Daga wajen Gaya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi, ƙungiyar ci gaban garinmu sau biyu kenan tana mutuwa a idonmu, na bayan nan kan kuɗin gyaran famfon tuƙa-tuƙa ne, an tara an damƙa wa mutum ɗaya, babu littafi babu rasit, da aka tambaya a mitin sai ya ce ana zarginsa, shi ke nan kowa ya janye jiki. Yanzu yara sun koma jan guga a rijiya. Dan Allah ku ba mu shawara.

Daga Auyo:
Wa alaikumus salam Malam. Mu dai ruwa ne ya koya mana. Tun da aka gina dam ɗin Tiga da na Challawa kogin Haɗeja ya rage ƙafewa da rani, ciyawar kachala ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, in ba ka sare ta ba damina za ta zo maka har ɗaki. A ambaliyar 2022 kwana muka yi muna cika buhu da ƙasa muna ɗorawa kan jinga da fitilar waya, dagacinmu da kansa ya naɗe wando ya riƙe shebur, to wane saurayi ne zai zauna? Kuma kowace unguwa da nata yankin jingar, in ta ɓalle an san wa za a tambaya. Gayya ce dai irin ta iyayenmu, sai dai mun sa mata tsari. Mata kuma da asuba ga kunu ga dambu.

Daga Ɗambatta:
Yaya mai tambaya, matsalarku kuɗi a hannun mutum ɗaya ne. Mu ƙungiyar mata ce, muna tara naira 200 duk sati saboda kuɗin mota in naƙuda ta zo da dare. Akwatinmu kwaɗo biyu ne, makulli ɗaya wajen ma'aji ɗaya wajen wata dattijuwa, kuma duk Juma'a bayan la'asar ana karanta abin da ya shigo da wanda ya fita a gaban kowa, ko wadda ba ta iya karatu ba tana ji da kunnenta.

Daga Bichi:
Mu siyasa ce ta cinye tamu, lokacin zaɓen 2023 wani ɗan takara ya kawo riguna da ambulan ɗin kuɗi, ciyaman ya karɓa bai yi shawara da kowa ba, har yau rabin samarinmu ba sa zuwa yasar kwata.

Daga wajen Gaya:
Allah ya saka da alheri. Hajiya ta Ɗambatta, to in mai makulli ɗaya ta yi tafiya kuma naƙuda ta zo cikin dare, ya kuke buɗe akwatin?