Abin da muka tattara kan fafutukar rufe makarantar sojin Fort Benning

Hirar da muka yi ta fi tsayawa a kan School of the Americas, makarantar da Amurka ta kafa a Panama a 1946 don horar da sojojin Latin Amurka, wadda aka mayar Fort Benning ta jihar Jojiya a 1984. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a riƙe hujja da sunaye. A ranar 16 ga Nuwamba 1989 sojojin El Salvador suka kashe limaman Katolika shida tare da mai yi musu girki da 'yarta. Daga baya aka gano da yawa daga cikin jami'an da ke da hannu ɗaliban makarantar ne. Da wannan Fada Roy Bourgeois ya fara gangami a 1990, kuma shekara da shekaru mutane suka riƙa taruwa kowace Nuwamba a bakin ƙofar sansanin, riƙe da fararen gicciye, ana kiran sunayen mamata ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

An kuma ja kunne kada a ruɗu da sauya suna, domin a 2001 makarantar ta koma WHINSEC, horon bai tsaya ba.

Wasu suka ce matsa wa ƙasashen da ke tura sojoji ya fi saurin tasiri. Venezuela ta daina a 2004, Ajantina da Yurugwai a 2006. A majalisar dokokin Amurka kuwa, a dage kan dokar Leahy, wadda ta hana Amurka tallafa wa rundunar wata ƙasa da ake da sahihiyar shaidar ta ci zarafin jama'a.